Ranar da na ce wa yayan matata "barra"

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara ƙara ba in na tashi daga zaune, muna da wata ƙungiyar wasan tanis a nan Madina. Kar ku ji ƙungiya ku zaci wani babban abu ne. Ba mu kai mu ashirin ba, yawancinmu Hausawan da aka haifa a nan, sai mutum uku daga Najeriya da Nijar masu aiki a otal-otal ɗin kusa da Harami. Fili guda muke kamawa a wajen unguwar Khalidiyya, mu buga bayan sallar asuba ranar Juma'a da Asabar, kafin rana ta fara dukan ƙeya.

Wanda ya kafa ƙungiyar yayan matata ne. Shi ya riƙe matata bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni aurenta, saboda haka a wajena suruki ne cikakke. Ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, in ya shigo majalisa na miƙe. Yaya nake ce masa kamar kowa.

Yaya mayen kallon ƙwararrun 'yan tanis ne. Ya san wa ke sama a jerin duniya, wa ya sauko, wa ke neman maki ido rufe don ya shiga cikin takwas ɗin da ke buga gasar ƙarshen shekara. Shi ya koya mana cewa na tara ma yana ɗaukar jakarsa ya je, amma ɗan ko-ta-kwana ne, zama zai yi yana jiran wani ya ji ciwo. Wannan tsarin ya kwafo mana kaf. Duk shekara ana tara maki, in sanyi ya shigo takwas na sama su kara, na tara ya zauna a benci yana miƙa ruwa.

Abu ɗaya ne bai iya kwafowa ba: alƙali. Ba mu da shi. Ƙa'idarmu ita ce, ƙwallon da ta faɗo ɓangarenka kai ne mai hukunci. In ta fita layi ka ce "barra", wato waje, in ta shiga ka yi shiru a ci gaba. To amma akwai wata ƙa'idar da ba wanda ya taɓa faɗa da baki, kowa kuma ya san ta: ba a ce wa Yaya barra. Sai dai in ƙwallon tasa ta daki wayar da ta kewaye filin. In ta fita da yatsa biyu ko uku, sai ka sunkuyar da kai ka yi masa kara. Shekara huɗu ina wannan karar, shekara huɗu kuma ina miƙa ruwa ko ina kallo daga nesa.

A shekarar da nake ba ku labari na ɗaura ɗamara. Na rage shinkafa, abin da matata ta ɗauka alamar rashin lafiya ce. Matsalata aiki: a filin jirgi nake, wajen kayan fasinja, kuma in alhazai suka fara sauka ba mai ganina sai akwatuna. Zagaye biyu suka wuce ba ni. Da na dawo na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina kayarwa, har na wayi gari ni ne na tara, Yaya na takwas, tazarar kuma 'yar kaɗan. Wasa ɗaya ya rage wa kowa. Aka jefa ƙuri'a, ta haɗa ni da shi. Wanda ya ci ya shiga takwas.

Tun a ranar aka fara yi mini sallama. Abokina, wanda muka taso layi ɗaya, ya same ni a mota.

"Ya shekh, ka ce ƙafarka ta gurɗe, halas, shi ke nan. Mutumin nan tun da aka kafa ƙungiya bai taɓa fita daga takwas ba. Kai kana da baɗi, shi fa?"

Na ce masa bara ma baɗi aka ce mini.

Mahaifiyata ba ta san tanis ba, ba ta kuma son sani. Amma labari ya kai mata. Ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, mutumin da ya ba ka mata za ka tsaya kana ja da shi a kan ƙwallo kamar lemon tsami? Aib ne wannan. Mu ba haka aka tashe mu ba."

Na ce, "Umma, ba zaginsa zan yi ba. Wasa ne, shi ya kafa dokar."

Ta ce, "Doka daban, kunya daban."

Matata kuwa, da na tambaye ta da Hausa, da Larabci ta ba ni amsa kamar kullum. Ma'anar ita ce: in na kayar da shi, ni zan je gidansu in yi bayani, in na bari ya ci, kar in dawo ina yi mata tsaki sati guda. Wato ta zare hannunta.

Ranar Juma'a aka cika fili, har da waɗanda rabonsu da raket an yi watanni. Na gaishe da Yaya a bakin raga, hannu biyu, kai a ƙasa. Ya ce, "Yalla, ƙanena, ka buga da gaske." Na lura duk wanda ke wurin ya ji wannan maganar, kuma ba wanda ya ɗauke ta da gaske.

Ba zan yi muku ƙarya ba, zagayen farko tsohon hali ya ci ni. Sau biyu ƙwallonsa ta fita ina gani, bakina ya ƙi buɗuwa. Ya cinye. Na zauna ina shan ruwa, haushin kaina kamar ya kashe ni. Na tuna rani guda da na yi ina gudu da asuba, ina dawowa daga ɗaga akwatunan mutane in ɗauki raket. Duk don in zo nan in yi shiru? Zagaye na biyu na sa shi gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan har na ci. Na uku muka yi ta ja, har aka zo inda maki ɗaya ya rage mini. Numfashina ya ƙare. Na san in ya farke wannan, ba ni da sauran abin bayarwa.

Ya buga, na mayar, ya sake narko ta gefen hagu da dukkan ƙarfinsa. Ta dira a bayan layi. Yatsa uku, ba ƙari ba ragi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Na ce, "Barra!"

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Abokina ya dafe kai. Yaya ya tako har bakin raga a hankali, raket a kafaɗa.

"Me ka ce?"

"Barra ce, Yaya."

"Ka gani da idonka?"

A nan ne kowa yake jira in ce wataƙila ban gani da kyau ba, a sake. Hanyar a buɗe take, shi da kansa ya buɗe mini. Na ɗaga kai na dube shi cikin ido, karo na farko tun da na auri ƙanwarsa.

"Na gani, Yaya. Waje ta faɗa."

Sannan ya miƙo hannu, muka gaisa, ya ce "Mabruk", wato barka, a bushe, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Kuna jira in ce na je na ɗauki kofi, ko? Wasa uku na buga a gasar takwas ɗin, ukun duka aka lallasa ni, ɗaya ma ko gumi abokin karawata bai yi ba. Yaya ya zo a matsayinsa na na tara, ya zauna a benci, bai kalli inda nake ba. Wata biyu in na gaishe shi sai ya amsa kamar ana cire masa haƙori. Mahaifiyata ta sa na raka ta gidan Yaya da kwalin dabino. Na je, na durƙusa, na gaishe shi yadda ya kamata. Ta yi ta zungurina in ba da haƙuri. Na ce Allah ya huci zuciyarsa, amma ban ce na yi kuskure ba, don ban yi ba.

Har yau ina ganin girman mutumin nan, har yau in ya shigo ina miƙewa. Abin da na gane shi ne, zan iya ba babba wurin zamana, in ba shi hanya, in ba shi gaba a sahu. Abin da idona ya gani kuwa ba nawa ba ne balle in yi kyauta da shi. Shekara huɗu muna kiran abin kara, alhali mun mai da dattijo wanda ake yi wa wayo ne, muna tafa masa.

Yanzu duk mun ajiye raket, shi bayansa, ni gwiwa. Mun shirya tuntuni. Amma duk sallah, in an gama cin abinci an kawo shayi, sai ya juyo ya dube ni a gaban 'ya'yansa da nawa.

"Ƙanena, tsakaninka da Allah, ƙwallon nan?"

Ni kuma in ajiye kofina.

"Barra ce, Yaya."