Sabitu Mai Zanen Murya

Yayana Sabitu bai taɓa ganin abu a rufe ya bar shi a rufe ba. Yana ɗan shekara tara ya kwance agogon bangon gidanmu, ya mayar, ƙarafa uku suka yi saura a hannunsa, agogon kuma ya ci gaba da tafiya. Iyayenmu sun rasu muna ƙanana, ƙanwar babanmu Gwaggo Ajaratu ce ta riƙe mu a Zongon Lome. Ita ta kai shi koyon gyaran rediyo wajen wani mutumin Gana a Kodjoviakopé, ta ce gara ya kwance na mutane ya bar mata nata.

Da ya buɗe shagonsa, aiki bai yi masa ƙaranci ba. Zamanin jam'iyya ɗaya tilo ne, kowane mako ana rawa da waƙa a fili, lasifika ba ta hutawa, wadda ta ƙone kuma shagon Sabitu za a kawo ta.

Wata rana a 1974 na kai masa garin rogo da gyaɗa a faranti. Don tsabar rashin tsari ya ɗora abincin a kan wata lasifika da ke kwance a bayanta, ya kunna. Abin ya saki wani siririn fito mai tsinka kunne. Sai garin ya fara tsalle yana gudu, ya jeru layi-layi, ya zama tauraro.

"Zaituna, zo ki gani!"

"Na gani, Yaya. Abincinka ne ke zubewa."

Daga ranar muka shiga uku. Ya huda farantan Gwaggo huɗu a tsakiya kafin ya dace da wanda ya ɗaure a zuciyar lasifika, ya haɗa da makirfo. Ya gwada gishiri, iskar teku ta jiƙa shi. Sai ya je Baguida ya ɗebo yashin bakin ruwa, ya wanke, ya soya a kasko, ya tankaɗe a rariya. Maƙwabta suka ce ɗan Ajaratu ya fara suyar yashi, a nemo malami. Ni kaina kunya ta hana ni bi ta ƙofar shagon.

Amma abin ya yi. Ka ja murya a makirfo, yashi ya tashi ya zana ta. Sabitu ya shafa sitacin rogo a takarda, ya danna a hankali, zanen ya manne, ya rubuta sunanka ya liƙa a bango. Masu cewa a nemo malami su ne suka fara yin layi. Baba Tchakoura mai nama, duk kaurin muryarsa layi biyu kawai ta ba da, aka yi wata guda ana tsokanarsa. Nata'ala mai ɗinkin hula kuwa takarda da fensir yake zuwa da su, har aka fara ganin muryoyin Zongo a kan hulunan Juma'a.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa leƙa shagon ba, Gwaggo. Shekara talatin ita ce mai guɗar Zongo. Amaryar da aka kai ba da guɗarta ba, sai a ce bikin bai yi armashi ba. Wani zazzaɓi mai zafi ya tafi da kunnuwanta biyu. Bayan ta warke ta yi guɗa sau ɗaya a wani suna, ta hango mata biyu suna dariya. Allah kaɗai ya san abin da ya ba su dariya, amma ita ta yanke cewa muryarta ta fashe ana ɓoye mata. Shekara uku ba ta sake ba.

Ga bikina da Lukuman ya rage kwana goma. Na riƙe hannunta na roƙe ta ta yi mini guɗa, tana kallon bakina.

"'Yar nan, kada ki sa in zama abin dariya ranar aurenki," ta ce. "A nemo Kulsum, ita ma tana guɗa, ta yi."

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ta rako 'ya'yan kowa, ni da ta goya sai ta aro mini baki? Na je shago ina kuka. Sabitu bai rarrashe ni ba, dama bai iya ba. Ya shiga tonon akwatunansa, ya fito da wani tsohon tef na bikin da ya ɗauka shekara biyar baya.

Washegari da hantsi ya turo kayansa a amalanke har tsakar gida. Gwaggo na ganin farantinta da ƙarfe a tsakiya ta ce, "Au, nan ya shige?" Ya zaunar da ita, ya nuna tef, ya nuna maƙogwaronta, ya yi nuni da hannu cewa na da ne. Ya kunna. Guɗarta ta da ta cika gidan, yashi ya watse ya dawo, ya zama fure mai ganye takwas. Ya ɗauke shi a takarda ya ajiye a cinyarta. Sannan ya baza sabon yashi, ya miƙa mata makirfo.

Ta daɗe tana jujjuya shi. Ta kore mu mu juya baya, ta manta kunnenmu na nan. Ta farko ta fito a raunane, yashi ya yi motsi ya kwanta. Ta yi tsaki, ta gyara zama, ta kama hanci ta rangaɗa.

Da muka waiwayo tana ƙirgawa da yatsa, daga takarda zuwa faranti. Takwas a nan, takwas a can.

"Ja'iri," ta ce wa Sabitu, hawaye na zuba tana dariya. "Gani ya kori ji. Na yafe maka farantan."

Ranar sa lalle, ita da kanta ta ba mai lalle takardar, aka zana mini furen a tafin hannu. Ranar kai amarya da la'asar, sai ga Sabitu a bayan ayari yana gumi, yana tura amalanke da batirin mota, wai ko za ta buƙaci dubawa. Gwaggo ta yi masa alama ya tsaya can da tarkacensa. A ƙofar gidan Lukuman ta zaro hannuna daga mayafi, ta buɗe tafina, ta kalli furen. Ta ja numfashi.

Duk Zongo ya ji guɗar, sai ita. Bai dame ta ba, idonta na kan hannuna.