Gidanmu da Aka Hana Mu Gyarawa

Kakan mahaifina ne ya gina gidanmu na cikin garin Gaya, bayan ya daina fatauci ya zauna. Daga birnin Kano ya ɗauko magina. Da tubalin ƙasa suka ta da shi, suka rufe zauren da azara a ɗaurin guga, wato rufin da yake lanƙwasowa daga kusurwa huɗu ya haɗu a tsakiya ba tare da ginshiƙi ba. Komai zafin bazara, in ka shiga zauren nan sai ka ji sanyi har ƙashi. Kafin kowace damina mukan kwaɓa ƙasa mu yi yaɓe, mahaifina kuma ya hau sama ya gyara indararo.

Ina sakandare wasu jami'ai suka zo da mota, suka zagaya, suka ɗauki hotuna, suka ce gidan ya shiga jerin kayan tarihi. Mahaifina ya ji daɗi ƙwarai, har fura ya sa aka dama musu. Suka ce daga ranar kada a taɓa komai sai da izininsu, gyara kuma ya zama nasu.

Bayan 'yan shekaru soron kakata ya fara yoyo, gara ta ci azarar. Tsohon maginin da ya san aikin ya rasu, 'ya'yansa sun koma ginin bulo. Mahaifina ya yanke shawarar buga kwano, har kafinta ya fara aiki, sai ga ɗaya daga cikin jami'an nan.

"Alhaji, in ka sa kwano ka ɓata tarihi," in ji shi.

"Uwata ce a cikin tarihin, ruwa yana zuba a kanta," Baba ya ce.

Mutumin ya yi alkawarin turo ƙwararru, ya sa aka sauke katakon. Ba mu ga kowa ba. Baba ya yi ta sintiri zuwa ofishinsu a Kano, kullum a ce masa shugabansu ya yi tafiya.

A cikin watan Agusta, da hantsi, soron ya rufta. Allah ya sa kakata tana tsakar gida tana tsinke zogale. Gadonta da kwanukan jerenta duk suna ƙarƙashin ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ta dai tambaya ko an ga carbinta.

Aka kai ta Toranke wajen goggona, wai kafin a gyara. Ita da aka kawo gidan nan tana amarya, ba ta sake kwana a cikinsa ba. Can ta rasu, can aka binne ta, nesa da kabarin mijinta.

Mu ma daga baya muka tashi, muka koma bayan gari. Bara na ga an shafe gaban zauren da sabuwar farar ƙasa saboda baƙi masu zuwa kallo. Na leƙa ta baya. Ɗakin da aka haife ni tumfafiya ce ta fito a ciki, awakin maƙwabta suna kwance a inuwarta.