Fumie Ta Ƙi Rufe Shago

Fumie Kuribayashi ba ta taɓa gina ko kasko ba, amma duk maginin tukwane a garin Mashiko na ƙasar Japan ya san ƙarar kekenta. Tun tana budurwa take bin ƙauyuka tana sayen kofunan shayi a bakin tanderu, ta kawo shagonta na kusa da tasha. Kofin da manomi zai riƙe ya ɗumama yatsunsa take nema. In ka ce a akwatin gilashi za ka kulle shi don ado, sai ta ce maka an riga an saya.

Ta haura saba'in lokacin da girgizar ƙasa ta zo. Abin da ta tara tun mijinta yana raye ya koma tsingaro. Ɗanta Noboru ya taso daga Tokyo, ya tarar da ita tana shara.

"Inna, ya isa haka. Haɗa kayanki, akwai ɗaki a wurinmu."

"In je in yi me? In zauna ina kallon injin wanki?"

"Ba abin da ya rage fa."

"Ni fa? Ko ni ma na fashe? Matsa, ka taka mini tsintsiya."

Haka ya koma shi kaɗai. Ita kuwa ta nufi gidan Genzo, tsohon maginin da ta fi saye a wurinsa. Ta same shi zaune, ya zuba wa rusasshen tanderunsa ido.

"Na ajiye sana'a, Fumie. Bayana ya gama."

"Tun kana saurayi kake fakewa da bayan nan, malalaci. Tashi!"

Bai tashi ba. Sai ta naɗe hannun riga ta fara tsince tubalin da bai karye ba. Kullum da safe tana nan, tana jera tubali tana yi masa gori, har kunya ta ɗaga shi. Maƙwabta ma suka shigo. Kafin ganye ya yi ja da shigowar sanyi, hayaƙi ya tashi daga tanderun.

Rabin kofunan da aka gasa a karon farko sun tsage. Ta kwashe sauran, ta jera su a kan katako ɗaya ta buɗe ƙofar shago. Wata baƙuwa ta ɗauki kofi ta juya shi, ta ce ai a karkace yake.

"Ƙasar da aka ɗebo yumɓunsa ma ba ta tsaya daidai ba," in ji Fumie. "Za ki sha shayi a ciki, ko in ba wani?"

Matar ta ce a naɗe mata biyu.