Jinin Waɗanda Suka Warke

Muna cikin hutun ƙarfe goma a makarantar da nake koyarwa a Sokode, ina zaune a gindin mangwaro ina duba littattafan yara, wayata ta yi ƙara. Da na ga lambar sai na gane ta. Likitar da ta yi mini aiki a Lome ce, wadda ta cire mini nonon hagu shekara shida da suka wuce saboda ciwon daji. Tun da aka sallame ni, ni ce nake zuwa wurinta sau ɗaya a shekara, ita ba ta taɓa kirana ba. Na ce a raina, shi ke nan, sun ga wani abu a gwajin da ya wuce.

"Malama, kwantar da hankalinki," in ji ta, tun ban gama gaisuwa ba. "Lafiyarki ƙalau. Saboda lafiyar taki ma na kira ki."

Ta ce ita da wasu abokan aikinta suna bincike a kan mutanen da suka yi ciwon daji suka warke. Magani iri ɗaya ake ba mutane, wani ya tashi ya ci gaba da harkokinsa, wani kuma ciwon ya dawo masa. So suke su duba garkuwar jikin waɗanda ciwon bai dawo musu ba, ko za a gano abin da zai kai ga sabon magani. Za su zo Sokode su yi kwana biyu, daga baya su wuce Dapaong. Abin da suke nema a wurina ɗan jini ne da amsar wasu tambayoyi. Ta ce ba dole, in yi shawara da mutanen gida.

Maigidana mahauci ne, a babbar kasuwa yake, kamar yadda mahaifinsa da kakansa suka yi. Da ya dawo bayan la'asar na zuba masa abinci, na bari ya ci rabi, sannan na gaya masa. Ya ajiye cokali.

"Jini?" ya ce. "Malama, kin manta yadda kika koma lokacin shimiyo? Tafin hannunki fari fat. Hanta nawa na gasa miki kafin jinin nan ya dawo? Yanzu kuma a zo a ɗiba?"

Ban manta ba. Shimiyo shi ne ruwan maganin da ake ɗura wa mai ciwon ta jijiya, kuma duk wanda ya sha shi ba ya mantawa. Wata shida na yi ina zirga-zirga tsakanin Sokode da Lome, in dawo ko ƙamshin miya ba na iya jurewa. Maigida ne ya riƙe gida, ya riƙe ni. A zango kuwa, unguwarmu ta Hausawa, ba wanda ya kira ciwon da sunansa. "Rashin lafiyar nan" ake cewa, a sassauta murya. Har na warke na koma aji, ƙalilan ne suka san abin da aka yi mini.

Na ce masa, "Alhaji, ba zan je ba sai da yardarka. Amma ka zo mu tafi tare, ka tambaye ta da bakinka."

Ya zo kuwa, da babbar rigarsa ta Juma'a. A wani ɗaki ne a asibitin gari, da tebur da kujeru da akwatin sanyi a kusurwa. Likita ta miƙo takarda mai shafi uku, na karanta da Faransanci ina juya masa da Hausa. Ya tambaya nawa za a ɗiba, ta nuna masa 'yan kwalabe huɗu, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba. Ya tambaya ina za a kai. Ta ce ɗakin gwaji a Lome, wani kuma za a aika wa abokan aikinsu a waje, ba da sunana ba, da lamba. Ya tambaya ko sayarwa za a yi, ta ce a'a, ta nuna masa inda aka rubuta haka. Ta ƙara da cewa duk ranar da na ce na fasa, na fasa, kuma ba abin da zai taɓa dubawar da ake yi mini.

"To ita me za ta samu?"

"Gaskiya, Alhaji, wataƙila ba komai," in ji likita. "In abin ya yi amfani, waɗanda za su zo bayanta ne za su amfana. Yana iya ɗaukar shekaru. Yana iya yiwuwa ma ba mu gano komai ba."

Ya turo takardar gabana. Can ya ce, "Da kin ce mini za ta samu wani abu, da ban yarda da ke ba. Malama, in zuciyarki ta kwanta, ki bayar. Sadaka ce."

Na sa hannu. Da ma'aikaciyar jinya ta ɗaure mini damtse ta fito da allura, sai ga mutumin da ya shekara talatin yana fiɗar shanu ya juya fuskarsa bango yana salati. Dariya ta kama ni har aka ce in tsaya cak kada allura ta goce.

Bayan an gama, likita ta yi mini tambayoyi a kan abincina da barcina da cututtukan da na yi tun ina yarinya. Muna hira ta ce wahalarsu ita ce samun mutanen arewa. Da yawa lambobin da suka bari a asibiti ba sa shiga kuma. Nan take wata mata ta faɗo mini a rai.

Gadonta na kusa da nawa a Lome. 'Yar kabilar Moba ce daga Dapaong, Kirista, mai sayar da tumatir, ta girme ni da kusan shekara goma, don haka Yaya nake ce mata. Ba ta jin Faransanci, ba ta jin yaren kudu, sai Hausar kasuwa, wadda a cikinta mace da namiji duk "kai" ne. Ni ce bakinta a wurin likitoci. Ita kuma in amai ya taso mini sai ta yanka lemon tsami ta ce in shaƙa. Rana ɗaya aka yi mana aiki. Bayan an sallame mu mun yi waya na ɗan lokaci, daga nan lambarta ta daina shiga, ni kuma ban bi sawu ba. In faɗi gaskiya, tsoron abin da zan ji ne ya hana ni.

Na tambayi likita ko tana da labarinta. Ta ce ba ta da ikon gaya mini komai a kan wani majinyaci. "Amma in kin same ta da kanki, ki gaya mata muna Dapaong mako mai zuwa. Kada dai ki matsa mata."

Makon ya faɗo cikin hutun makaranta. Na shiga mota da safe, muka bi ta tsagaggen dutsen Alejo, muka wuce Kara, muka gangara tsaunuka, itatuwa suna raguwa, ƙasa tana buɗewa. A Mango aka tsaya na yi sallah. Duk hanya ina shirya abin da zan ce wa danginta in aka ce mini ta rasu. Na ma sayi sabulu da sukari, irin abin da ake kaiwa gaisuwa.

Na sauka wurin wata 'yar uwar maigidana da ke aure a zangon Dapaong. Washegari na hau zemijan, wato babur ɗin haya, zuwa kasuwa. A layin masu tumatir na fara tambaya, ina kwatanta ta: doguwa, baƙa, da wushirya, ta taɓa yin doguwar jinya a Lome. Ta farko ta girgiza kai. Ta biyu ta yi magana da maƙwabciyarta da yarensu, suka dube ni, sannan ta nuna can ƙarshen layi.

Ta baya na fara ganinta, ta sunkuya tana ɗaga kwando ita kaɗai. Ta yi ƙiba. Na tsaya a bayanta, sai ta juyo. Ta saki kwandon, tumatir ya watse.

"Malama! Kai ne? Kana nan da rai?"

"Ina nan, Yaya. Ke ma kina nan."

Muka rungume juna a tsakiyar kasuwa muna kuka, mata suna tsince mata tumatir. Ta ce wayarta ce ta faɗa rijiya, lambata ta tafi da ita, kuma kullum in ta je coci tana sa ni a addu'a, ba ta san ko ta masu rai za ta yi mini ba ko ta matattu.

Ta bar wa maƙwabciyarta kaya ta ja ni gidanta a bayan gari. Ta sa aka kama zabo, ta ce a kira wani Musulmi maƙwabcinsu ya yanka don in iya ci. Muna fige shi na gaya mata abin da ya kawo ni. Fuskarta ta canza.

"A'a," ta ce. "Sun yanka nama na, sun ɗauka, har yau ban san inda suka kai ba. Yanzu jini kuma? Allah ya warkar da ni, ya isa. Ba na komawa wurin allura."

Na ce mata ba komai, ganinta ma ya ishe ni, kuma har zuciyata haka ne. Muka ci tuwo, muka yi hirar mutanen ɗakinmu na asibiti, waɗanda muka san ƙarshensu da waɗanda ba mu sani ba. Ina shirin tafiya sai ta riƙe mini hannu. Ta ce ƙanwarta, wadda suke gida ɗaya, tana da wani ƙullutu a nono tun damina. Ta hana kowa ya gani, sai maganin shafawa take yi, wai duk wadda ta je asibiti yanke ta ake yi ta mutu.

"Ni na gaya masa ban mutu ba, bai ji. Kai malami ne, ka yi masa magana."

Aka kira ƙanwar, mace mai kamar shekara arba'in, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon waje. Na yi ta bayani, Yaya tana juyawa da Moba, ba ta ko ɗaga kai ba. Da na ga magana ta ƙare mini, na tashi na tura ƙofa, na cire mayafina, na ɗaga rigata. Ban da maigidana da likitoci, ba wanda ya taɓa ganin tabon nan. Yaya ta dube ni, ita ma ta kwance zanenta. Muka tsaya mu biyu a gabanta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta matso ta taɓa nawa da ɗan yatsa, ta tambayi wani abu.

"Wai yana ciwo?" in ji Yaya.

"Ba ya yi. In ana sanyi dai yakan ɗan ja."

Ta sake tambaya ko mijina ya kore ni. Na ce shi ya sa ni a mota jiya.

Da safe mu uku muka je asibitin da su likita suka sauka. Yaya ta ce ita rakiya kawai ta zo. Likita ta gane ta tun daga ƙofa, ta taso ta kama hannunta biyu. Ta duba ƙanwar a bayan labule, ta rubuta mata takardar gwaji a Lome, ta ce kada a wuce wata. Mun miƙe za mu fita, Yaya ta koma ta zauna.

"Malama, karanta mini takardan nan. Duka. Kada ka tsallake."

Na karanta mata tun daga farko. Ta tsayar da ni ya fi sau goma. Da muka gama ta ce in tambayi likita inda aka kai naman da aka yanke mata. Likita ta ce an auna shi ne don a san irin ciwon, abin da ya rage aka ƙone kamar yadda ake yi, ta kuma ba ta haƙuri da ba a gaya mata ba tun lokacin. Yaya ta gyaɗa kai a hankali.

"Jinin nan zai warkar da ƙanena?"

"A'a," in ji likita. "Ita maganin da muke da shi yanzu za a ba ta, kuma in an kama da wuri yana aiki. Jininki na 'ya'yanta ne, ko jikokinta, in Allah ya sa mun dace."

Yaya ta dangwala yatsa a takarda, ta miƙa hannu. Ita ce ta nuna wa ma'aikaciyar jijiyar da ba ta gardama.

Gwajin ƙanwar ya nuna ciwon ne, amma bai yi nisa ba. Duk lokacin da za su Lome, a gidana suke yada zango su kwana, su huta kafin su ci gaba. Mutanen zango suka fara tambayar su wane ne baƙin nan, ni kuma na daina ɓoyewa. Tun daga nan mata uku sun zo sun same ni a gida, kowace da nata dalilin na ƙarya, sai mun shiga ɗaki take faɗin na gaskiya.

Sau biyu a shekara ake kiranmu mu ba da jini. Na bayar sau uku yanzu. Kullum nakan tambayi likita ko an gano wani abu, ita kuma takan ce suna ganin wasu alamu da ke sa su ci gaba, amma ba za ta faɗa mini abin da ba ta tabbatar ba. Na saba da amsar, ba ta kuma dame ni.

Makon jiya Yaya ta kira ni ina tsakiyar wanki. Ƙanwarta ta gama shimiyo, ta koma gona. Gashinta da ya zube ya fara fitowa, amma fari tas, mai laushi kamar na jariri. Yaran gidan sai bin ta suke suna shafawa, ita kuma tana korarsu da muciya. Ina jin ihunsu ta cikin wayar, har da muryarta tana yi musu faɗa tana dariya.