Abin da Ke Shanye Batir a Garkar Surukina

Ni mai gyaran salula ne a Gazawa, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙuri da abin da ya ƙi gyaruwa. Mutum ina iya yi masa uzuri, amma waya da dalma? Ina! Sai na ga bayansu. To sai ga shi abin da ya fi ba ni kunya a sana'ar nan ba salula ba ce. Wani ɗan allon lantarki ne da bai kai tafin hannu ba, wanda na haɗa wa surukina.

Surukin nawa, mahaifin matata, yana da garka a wani ƙauye bayan Cadawa. Albasa yake yi da rani, da ɗan kabeji da tumatir. Akwai rijiya, akwai famfon sola da ke cika tanki da kansa, abin da ya rage kawai a je a buɗe ruwa a rufe. Amma garkar da nisa daga gida, ga gwiwa ta fara ƙin tsoho. Wata rana ya faɗi a bakin rijiyar, wani makiyayi ne ya tsince shi. Daga nan ɗiyansa maza suka tashi tsaye, babbansu a gaba, wai a ba da garkar haya Baba ya huta. Tsohon bai ce musu a'a ba, amma matata ta ce tun ranar ya rage cin tuwo.

Ita ta tasa ni gaba. Ta ce, "Kai da kullum kake cika mana baki da abin da ka koyo a Maradi, ba ka iya yi wa Baba wata dabara?"

Na ce, "Cika baki? Ni?"

Ta ce, "Kai fa. Ko kajin gidan nan sun haddace labarin."

Raina ya sosu, na zauna na haɗa abin. Allon yana cikin ɗan akwatin roba tare da batir. Wata waya ta fito daga ciki zuwa wani tsinke da ake cusawa a ƙasa, shi ke jin ko akwai laima. In ƙasa ta bushe sai allon ya buɗe bakin tiyo, in ta sha ya rufe, sannan ya aiko mini da saƙo a salula. Sirrin aikin duka barci ne. Na'urar takan farka ta duba ƙasa, ta aika saƙo, ta koma barci, kuma cikin barcin nan kusan ba ta shan komai. Da haka batir guda ya kamata ya kai ta har faɗuwar damina.

Aka yi magana da yayyen matata. In na'urar ta riƙe garkar wannan rani, Baba ya ci gaba da abinsa, ya riƙa leƙawa ranar da ya samu amalanke. In ta kasa, haya.

Ranar da na je kafawa, matata ce ta kira mahaifiyarta, ita kuma ta gaya wa Baba ina tafe, ai haka muke yi tun da na auri ɗiyarsa. Na same shi can ƙarƙashin mangwaro. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, ya amsa yana kallon albasa. Na ajiye akwatin a gindin tanki, na cusa tsinken, ruwa ya taho. Ya ce, "Allah ya yi albarka." Maganarmu ke nan ta ranar, ni kuwa na hau babur ina jin kaina wani babban injiniya.

Ba a yi mako ba batir ya mutu.

Na ce batirin jabu ne, na zagi wanda ya sayar mini, na sa sabo. Shi ma ya bi sahun ɗan'uwansa. Sai na ɗauko akwatin na kawo shago, na jona mitar awon wuta. Na tarar da wata 'yar fitila ja a jikin allon da ke ci dare da rana ba ta tsinana komai, na sa ƙarfen dalma na tsige ta. Na kuma gano tsinken nan na ƙasa yana shan wuta ko allon na barci, na canja masa hanya ta yadda sai an farka zai samu. Mita ta sauka ƙasa sosai. Na cusa tsinken a gwangwanin yashi na bar na'urar a kan teburin shago, ta yi kwanaki tana aiko saƙo lafiya lau, batir ko gezau. Na ce wa matata, "Je ki gaya wa gidanku an gama."

Aka aika ina tafe, na mayar da ita garka. Na auna a can, barci take yi kamar jinjiri ya ƙoshi. Na dawo gida. Saƙo ya riƙa zuwa yau, gobe shiru, jibi shiru, na ce rezon ƙauyen ne, wato sabis ɗin salula, ba ƙarfi. Sai kuma ɗif, ta sake mutuwa. Kafin a farga wani ya je ya buɗe ruwa da hannu, gefe guda na albasar ya ƙone.

Wallahi na kusa hauka. Duk zuwan da na yi, in na auna sai in same ta lafiya, akwatin fes ba ko ƙura, kamar yanzu na ajiye shi. Ina juya baya sai ta kama shan wuta. Har zagin ta na yi da baki, na ce, "Ke munafuka ce!" Masu kawo gyara suka fara tambaya ko lafiya. A zuciyata kuma na fara zargin babban yayan matata, na ce ko shi ke zuwa yana taɓa ta don garkar ta tafi haya. Tambayar Baba kuwa ba ta ma taso ba. Da wane bakin zan ce wa surukina, me kake yi wa kayana in na tafi?

Sai saƙo ya zo cewa yayan ya ce a haɗu ranar Juma'a bayan masallaci a yanke magana.

Ranar kasuwar Cadawa na je can gyaran salula, na tashi da wuri. Na tsaya a bakin hanya ina ta saƙawa ina kwancewa, daga ƙarshe na karya kan babur na bi ta bayan ƙauyen ba tare da na aika ba. Ban taɓa yin haka ba. Na jingine babur a bakin shinge, na leƙa, ba kowa. Na tsallaka garkar surukina kamar ɓarawon tumatir.

A gindin tanki ban ga akwatina ba. Wani ƙaton daro na ƙarfe na gani a kife, an ɗora masa dutse. Na san daron, na gidan Baba ne, a ciki ake yi wa dabbobinsa jiƙon dussa. Na sauke dutsen na ɗaga. Ga akwatin a kan faifai, an naɗe shi da farin ƙyalle mai tsabta, irin naɗin da ake yi wa abu mai daraja. Har ɗan rami aka tona a ƙasa don kada bakin daron ya danne wayoyin.

Hannun mai gyara dai ba ya jin magana. Na jona mita, na jawo wayarta waje, na kife daron. Da na'urar ta farka, wuta ta haura sama ta tsaya can, ta ƙi saukowa. Na ɗaga daron, nan take saƙo ya shigo salulata, mita ta faɗi. Na sake kifewa, ta sake haurawa. Shi ke nan. Ƙarfen ya tare rezo, ni kuwa na tsara ta ne kada ta yi barci sai saƙo ya tafi. Haka take kwana tana yini tana kira a cikin daro da iya ƙarfinta har batir ya ƙare. Ranar da Baba ya samu amalanke ya zo, sai ya buɗe ta ya zauna gadi, shi ne ranakun da saƙo ke zuwa. In ya ji ina tafe kuwa sai ya riga ni, ya kwance ƙyallen, ya ɓoye daron, don kada in ga kamar ya raina ajiyar da na yi.

Na zauna a ƙasa dirshan. Kunya ta rufe ni, ta zargin da na yi wa yayan, ta tsallaka shingen, da ta ganin abin da dattijo ya ɓoye mini. Na mayar da ƙyallen yadda na same shi, na kife daron, na ɗora dutsen, na sulale.

Ko matata ban gaya wa ba. Na san in maganar ta fita, ɗiyansa za su ce ga shi nan, Baba ya fara rikicewa, kuma garkar ta tafi ke nan. Washegari na sa aka aika ina tafe. Na same shi ƙarƙashin mangwaro, akwatin a fili, ba daro ba alamarsa. Na gaishe shi. Na fitar da eriyar na'urar da doguwar waya, na bi da ita ta ramin nan, na ɗaure ta can saman ƙafar tanki. Na kuma gyara tsarin, in ta gwada kaɗan saƙo bai tafi ba ta haƙura ta kwanta. Yanzu ko daro goma aka kife mata ba ruwanta. Ina aikin ina jin idonsa a bayana, ban juya ba.

Ranar Juma'a muka taru a zauren Baba. Shi yana kan buzu, ɗiyansa a tabarma, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa. Babban yayan ya dube ni ya ce, "To, injiniya, me ya faru?"

Na ce, "Laifina ne, Yaya. Ban haɗa ta daidai ba. Amma yanzu na gano, na gyara. A ƙara mini lokaci kaɗan."

Ya ce, "Wannan gyara na nawa ke nan? Ka mayar da gumin tsoho abin koyon hannu. Albasar da ta ƙone kai za ka tayar da ita? Ka koma shagonka ka ci gaba da liƙa gilashin salula, shi ka iya. Ni da na san wasan yara ne da ban bari an fara ba."

Kai! Maganar ta zo mini har bakin leɓe. Ni da ko a kasuwa ba a gaya mini in yi shiru, na haɗiye, na kafa ido a ƙasa. Ya ci gaba, har da cewa zai gargaɗi masu garka na yankin kada wani ya sake ya ba ni aiki. Sai ƙanensa ya sa baki ya ce, "Haba Yaya, ya isa. Tunda ya amsa laifinsa, a ƙara masa lokacin mu gani." Na ji yayan ya yi tsaki irin na wanda ya kusa yarda. Na ce a raina Alhamdu lillahi, an kusa tsallakewa.

Sai Baba ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ku daina cin mutuncin yaron nan a zaurena. Ƙarya yake yi don ya rufa mini asiri. Ni na kife wa abin daro."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya ci gaba ya ce, "Na ga sawun babur ɗinsa a bakin shinge ranar kasuwa. Dutsen ma ya mayar, amma ba ta fuskar da nake ɗora shi ba. Da na ga ya dawo ya fitar da waya sama, na gane daron ne ciwon. Tsoro na ji kada rana ko awaki su lalata kayan mijin ɗiyata a hannuna. Ashe ni ne akuyar."

Ba wanda ya yi dariya. Na buɗe baki na ce, "Baba..." Ya ɗaga mini hannu ya tsayar da ni.

Babban ɗan nasa ya sassauta murya ya ce, "Baba, ka gani ko? Irin abin da muke gudu ke nan. Yau daro ne, gobe ba mu san mene ne ba, kuma kai kaɗai a can."

Tsohon ya ce, "Na gani. Ku ba da garkar haya."

Na ce, "Don Allah, Yaya, yanzu tana aiki, wallahi tana aiki!" Ba wanda ya dube ni. Mai garka ya riga ya yanke da bakinsa.

Baba ya gyara zama, ya ce wa ɗiyan nasa, "Sharaɗi ɗaya. Duk wanda ya karɓa, a bar masa abin yaron a wurin. Ina so mutane su ga yana aiki. Ba za a ce a ƙasar nan mijin ɗiyata bai iya ba."

Wani mutumin Gidan Sori ne ya karɓi garkar. Na'urar ta shayar masa da albasa har damina ta faɗi da batir guda, ya yi ta yabona a kasuwa, masu garka suka riƙa zuwa shago suna nemana. Duk wanda ya shigo ya ce ni ne na haɗa abin nan na bayan Cadawa, sai in sunkuyar da kai in ce eh, ni ne.