Ƙwaya Biyu Da Na Ɓoye Wa Asibiti

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ni babban ma'aikaci ne a gwamnatin jiha a nan Katsina, ina zaune a Kambarawa da iyalina. Lokaci ne na sauye-sauyen muƙamai, kowa na kallon ɗan'uwansa da wutsiyar ido. Mu biyu ake raɗe-raɗin za a ba ɗaya darakta, ni da wani abokin aikina ɗan Ƙofar 'Yandaka. Tun daga nan ko ruwa aka miƙo mini a ofis sai in ajiye. Barci ya ƙaurace mini, na fara sayen ƙwayar barci a kemis, ko matata ba ta sani ba. Da cikina ya fara ciwo ina ta ramewa, zuciyata ba ta kawo komai ba sai cewa an ba ni wani abu na ci.

Likitan wani asibiti mai zaman kansa ya ce sai an zura mini siririyar roba mai kyamara ta baki a leƙa cikina, kuma za a yi mini allurar da za ta sa jikina ya saki don kada in wahala. Ranar da aka sa mini, tsoro ya sa na haɗiyi ƙwaya biyu da safe kafin mu fita. Ina shiga ɗakin gabana ya faɗi, domin ma'aikaciyar jinyar da za ta yi allurar ƙanwar matar abokin takarata ce. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi Hajiya da yara, ta auna nauyina, sannan ta ce ko ina shan wani magani, musamman na barci. Na ce ko kusa. Ta sake tambaya, ta ce ta ji harshena ya ɗan yi nauyi. Ni kuwa ina ayyana cewa in na faɗa, kafin azahar labari ya kai ofis cewa mai neman darakta ɗan ƙwaya ne. Na haɗe rai na ce yunwar da suka sa ni kwana da ita ce.

Sauran labarin daga bakin matata na ji shi. Jim kaɗan da yin allurar numfashina ya yi ƙasa, leɓɓana suka yi baƙi. Aka zare robar, aka sa mini iskar oksijin, aka yi wata allura mai karya ta farko. Ina farfaɗowa na ce wa yayana yarinyar nan ce ta so ta kashe ni. Shi kuwa mai zafin zuciya ne. Ya tsaya a gaban marasa lafiya ya ci mutuncinta, ya ce turo ta aka yi. Ita kuwa ta shige ɗaki tana hawaye.

Bayan kwana biyu matata ta tsinci ragowar ƙwayar a aljihun rigata, ta kai wa likitan ba ta shawarce ni ba. Ya kira ni ya zaunar da ni. Ya ce allurar nan ba awo ɗaya gare ta ba, ana duba shekaru da nauyi da lafiyar zuciya da huhu da magungunan da mutum ke sha, a riƙa ba da ita kaɗan-kaɗan ana lura da numfashi. Ƙwayata da allurar 'yan gida ɗaya ne, sai suka haɗu suka danne ni. Ya ce yarinyar ce ta roƙe shi a fara da rabin abin da ya rubuta, don hankalinta bai kwanta da amsata ba. Da an ba ni duka, da sai dai a yi mini sutura. Da aka sake gwajin daga baya, gyambon ciki kawai aka gani.

Kunya ta sa na yi ta cewa gobe zan je in ba ta haƙuri. Ranar da na je, an ce ta ajiye aiki, mijinta ya hana ta saboda surutun gari. Na aika ta hannun yayarta, amsa ta dawo cewa ta yafe, amma ba ta son ganina.

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle nawa da ya zama ƙarya. Duk wanda za a yi wa irin wannan gwaji, ya faɗi kowane magani da yake sha, na kemis da na gargajiya, komai kunyar da zai ji, domin da amsarsa ake auna allurar. Ni na tsira da raina, amma na raba baiwar Allah da aikin da ta iya, kuma har yau a kan wannan laifi nake neman gafara.