Awa Ba Yadi Ba Ce

A layin masu gyaran mota kowa Mai Soso yake ce masa. Shekara talatin yana ɗinkin kujerun mota a shago ɗaya, tsakanin mai walda da mai faci, da keken ɗinki guda da ya girmi 'ya'yansa duka. Mutum ne mai sauƙin kai a komai, ban da abu ɗaya: ba ya cin bashi. Yana yaro ya ga masu bin mahaifinsa bashi sun kwashe kayan shagonsa har da bencin zama. Tun daga ranar ko zare ba ya karɓa sai da kuɗi a hannu.

To, sai Allah ya haɗa shi da 'yar auta mai son tuƙa helikwafta. Yayyenta suka yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba. Ya sa hularsa ya tafi makarantar koyon tuƙin da ke bayan gari ya tambayi farashi. Da aka faɗa masa kuɗin gaba ɗaya, sai da ya nemi wurin zama. Amma da ya ji ana iya biya awa-awa, hankalinsa ya kwanta. Ai haka yake sayen ledar kujera: yadi biyu yau, uku wani makon, ya ajiye har ta isa aiki.

Awa ɗaya a sama, kujerun tasi shida ne a ƙasa. Duk sanda ya haɗa sai ya miƙa wa Auta, wani lokaci bayan wata guda, wani lokaci biyu. Da fari takan dawo bakinta har kunne. Daga baya sai ta koma gaisuwa kawai ta shige ɗaki.

Bayan shekara, malaminta ya zo shagon da kujerar motarsa da ta yage. Ya daɗe yana kallon aikin kafin ya yi magana.

"Baba, yarinyar nan tana da hannu. Amma awa ba yadi ba ce, ba ta ajiyuwa. Kafin ta dawo hannun ya manta, sai mu koma farko. Awa goma sha ɗaya ta yi, a wurina kamar uku ce. Ko ta riƙa zuwa sau uku a mako, ko ta dakata."

Mai Soso ya ajiye almakashinsa a hankali. Aikin shekara guda ke nan ya bi iska, kuma da hannunsa ya watsar. Kunya ta fi asarar yi masa ciwo, don ba wanda bai ji labarin a layin ba.

Babban ɗansa ya kawo shawara. "Baba, a kai takardar shago banki a karɓi rance. Wata shida ta gama."

Magana ce ta hankali, shi ya sa ta fi zafi. Ya dubi Auta, ita kuwa tana kallon ƙasa, kuma ya san abin da take so.

"Auta, ki yafe mini, ba zan iya ba. In kin tashi, ina so ki tashi ba wanda ke riƙe da ƙafarki. Za ki jira ni in tara kuɗin duka?"

Kwana uku yana ɗinki yana warwarewa, yana tsoron taurin kansa ya kashe wa 'yarsa abin da take so. A safiya ta huɗu ya tarar da ita a ƙofar shago ta riga shi zuwa.

"Baba, nuna mini yadda ake yanka soso. In mu biyu ne ai ya fi sauri."

Shekara biyu suka yi a haka. Ta ɓata leda, ta soke yatsa, ta iya. Malamin ya samo musu aikin kujerun jiragen makarantar da rigunan da ake rufe su da su, Mai Soso ya ce kada a ba shi ko sisi, a mayar masa da su awowi. Da rana takan buɗe littattafanta a kan teburin yanka. In helikwafta ta wuce ta saman layin, kowa ya ɗaga kai ban da ita, kuma wannan ya fi komai taɓa masa zuciya.

Da kuɗin suka cika ta koma, sau uku a mako, ba fashi. Wata safiya malamin ya aiko a kira shi. Ya tsaya a bakin shingen waya yana kallo, jirgin da Auta ke koyo da shi ya sauka, ƙofa ta buɗe, malamin ya fito a sunkuye ya nufo shi. Sai kuma jirgin ya sake ɗagawa.

"Malam! Yarinyar fa tana ciki! Wa ke tare da ita?"

"Ba kowa, Baba."

"Ita kaɗai?"

"Ai wannan ka yi shekara uku kana biya."

Mai Soso ya kama shingen da hannu biyu. Tsoro da alfahari suka cika masa ƙirji lokaci guda. Hawaye na zuba, amma ya ƙi sharewa, don kada ya ɗauke ido daga kanta.